Gado da Sankarar Jini a Shanun Madara

Ƙwayar cutar BLV, mai haddasa sankarar jini a shanu, galibi ta jini take yaɗuwa: allura ɗaya ga dabbobi da yawa, kayan yanke ƙaho, cizon ƙudaje. Amma ba duk saniya take yi wa illa iri ɗaya ba. Ƙwayar gado mai suna BoLA-DRB3 ce ke taimaka wa garkuwar jiki ta gane cutar. A shanun Holstein, masu nau'in 0902 na wannan ƙwayar gado kan danne cutar, da wuya su harbi wasu; masu nau'in 1501 kuwa takan yi yawa a jininsu. Ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na shanun da suka kamu ne ke yin ƙari, amma madara kan ragu. Shi ya sa masana a Japan da Ajantina ke nazarin zaɓen bijimai masu 0902 domin barbara.