Zafin wayar wuta gargaɗi ne: mu bincika tun gobara ba ta tashi ba

Wutar hasken rana ta daina zama baƙuwa a jiharmu. A shekarar 2018 aka buɗe tashar Malbaza mai ƙarfin megawat 7. Yau kuma, daga unguwannin Tawa har Kalfu, Barmu da Takanamat, muna ganin faranti bisa soro da bisa rumfa. Amma wuta ba ta san mai gida ba. Waya guda da ta yi zafi tana iya cinye ɗaki, ta kama zana, ta kai ga rumbu.

Me ke sa waya zafi?

Dalili na farko shi ne sirantar waya. Mai lambu a bakin tabkin Tabalak ya sani, ruwa mai yawa ba ya bin ƙaramin tiyo sai da wahala. Haka wuta take. Batir ɗinmu volt 12 ne, wutar gari kuwa volt 220. Kayan da ke cin wat 120 yana jan amfiya 10 daga batir, alhali a wutar gari kimanin rabin amfiya ya ishe shi. Saboda haka wayar da ta wadatar a gidan gari tana iya kasawa a kan batir. Kuma idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafinta ninkawa yake huɗu.

Dalili na biyu, mahaɗa mai sako-sako. Inda aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da leda, ko inda kusa ta kwance, a nan zafi ke taruwa. Ƙurar hunturu da tsatsa suna ƙara ɓata wurin.

Dalili na uku, jabun kaya. Akwai wayar da jan ƙarfenta shafe ne kawai. Mu kankare ta da wuƙa tun a kasuwa. In cikinta fari ne, mu bar ta. Araha ba ta ado.

Yadda za mu bincika

Mu duba da tsakar rana, lokacin da faranti ke aiki sosai, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Mu sake dubawa da dare bayan an kunna kaya. Mu taɓa robar waya da bayan hannu, ban da tsiraicin ƙarfe. Ɗumi kaɗan ba laifi. In hannu ya kasa jurewa, ko roba ta yi baƙi, ko muka ji ƙauri, akwai matsala. In wuri guda ne ke zafi, laifin mahaɗa ne. In dukan waya ce, ta yi siriri ko kaya sun yi mata yawa.

Yadda za mu gyara

1. Mu kashe kaya duka, mu rufe faranti da bargo.
2. Mu cire wayar faranti daga akwatin daidaita caji tukuna, sannan ta batir. Wajen mayarwa, batir ne farko.
3. Mu yanke inda ya ƙone, mu haɗa da mahaɗa mai kusa, mu ɗaure tam.
4. Farin garin da ke taruwa a kan batir, mu goge shi da ruwan kanwa kaɗan. Kada ruwan ya shiga cikin batir, kada garin ya taɓa ido.
5. Tsakanin batir da akwati, waya ta zama gajera mai kauri.
6. Mu sa fizibil kusa da kan batir mai alamar tarawa. Shi ne mai gadi: yana tsinkewa kafin waya ta kama wuta. In ya tsinke, mu nemi dalili, kada mu maye shi da guntun waya.

Gidan da ke da na'urar da ke mai da wutar batir volt 220, a kira ma'aikacin da ya koyi aikin, don wannan wuta tana kisa.

Kada waya ta bi cikin shuci ko ƙarƙashin tabarma. Batir ya zauna inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba, domin yana fitar da iska mai kama wuta. In wuta ta tashi, a fitar da yara, a zuba rairayi, kada a zuba ruwa.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu. Kowane mai gida ya zagaya wayoyinsa sau ɗaya a wata. Allah ya kiyashe mu da gobara.