Fita yawon jirgin ruwa a ƙungiyance: abubuwan da ake tsarawa tun kafin a isa gaɓa

Tafkin Jabi, wanda ke kwance tsakanin unguwannin Jabi da Kado a Abuja, asalinsa madatsar ruwa ce da aka gina don shayar da sabon birnin tarayya kafin madatsar Usuma ta karɓi wannan aiki. A yau ya zama wurin shaƙatawa, kuma a nan ne mazauna Abuja da dama ke fara ɗanɗana hawa jirgin ruwa: zagaye na 'yan mintoci, a ruwa mai kwanciya, ana hango gaɓa ta kowace fuska. Daga nan sai sha'awa ta ƙaru. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da abokan aiki da dangin da biki ya haɗa sukan fara shawarar zuwa Lokoja ganin mahaɗar kogin Neja da Binuwai, ko su wuce Legas ko Kalaba don ratsa ruwayen bakin teku.

Shawara ce mai kyau. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, ga hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da suka kai kusan kilomita 10,000. Sai dai tafki daban, kogi daban, bakin teku kuma daban. Wanda ya yi zagayen tafkin Jabi sau goma bai san komai ba tukuna game da igiyar ruwan Legas.

Akwai kuma wani abin lura da ya sa wannan batu ya wuce na masu yawon buɗe ido kaɗai. Da yawa daga cikin munanan haɗurran jirgin ruwa da aka yi a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan sun rutsa ne da ayarin mutanen da suka san juna, suka tashi tare zuwa sha'ani ɗaya. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau zuwa taron Maulidi a Bagwai ta Jihar Kano ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A ranar 1 ga Oktoban 2024, wani jirgin katako ɗauke da kimanin mutum 300, galibi mata da yara masu zuwa Maulidi, ya nutse da dare kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ayari ba ya son rabuwa. Ba wanda ke so a ce shi ne zai jira sawu na biyu, uwa ba ta yarda a raba ta da 'ya'yanta, kunya kuma takan hana a ce wa dattijo ya sauka. Taro yakan ja lokaci, sai a iso gaɓa rana ta faɗi, kowa na gaggawar komawa gida. Matuƙin da zai iya ƙin ɗaukar fasinja guda ba ya iya ƙin jama'ar gari guda. Saboda haka matsalar da za ta tashi a bakin ruwa, a gida ake warware ta, lokacin da ake zaune ana tsara tafiyar.

Lissafin kai kafin lissafin kuɗi

Abu na farko shi ne a naɗa mutum ɗaya jagora, wanda kowa ya amince tun farko cewa in ya ce ba a shiga, to ba a shiga. Shi zai riƙe takardar sunayen matafiya, da lambar wayar wani na kusa da kowannensu, da bayanin wanda ya iya ninƙaya da wanda bai iya ba, da masu larurar da ke buƙatar kulawa kamar farfaɗiya ko asma ko tsohon ciki. A bar kwafin wannan takarda a hannun wani amintacce da ba zai shiga jirgin ba, a faɗa masa inda za a tashi, inda za a sauka, da lokacin da ake sa ran dawowa. In lokacin ya wuce bai ji ɗuriyar kowa ba, shi zai fara neman agaji. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas kuma akwai 767.

Sai a tambayi mai jirgi adadin mutanen da aka amince jirginsa ya ɗauka, a kuma tsaya a kan wannan adadi. In ayari mutum 45 ne, jirgi kuma na mutum 20, to sawu uku ke nan ko jirage uku, kuma da haka za a yi kasafin kuɗin. Yara ma ana ƙirga su, har da na goye. Kaya kuma nauyi ne: kulolin abinci, katan-katan na ruwa da lemo, janareta da manyan lasifikoki na iya kai nauyin mutum huɗu ko biyar. Ido ma na iya gane jirgin da ya yi lodi fiye da kima. A dubi tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da leɓen jirgin bayan kowa ya zauna. In ta ragu har mutum na iya taɓa ruwa da tafin hannu ba tare da ya sunkuya ba, ƙaramar igiyar da wani jirgi zai tayar in ya gifta ta isa ta fara cika shi. Ruwan da ya shiga cikin jirgi kuwa yakan kwarara gefen da jirgin ya karkata, ya ƙara masa karkata.

Game da wanda za a ɗauka haya, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa da dokar soja ta 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ke yi wa jirage rajista da ba matuƙa lasisi. A Legas akwai kuma hukumar jiha, LASWA, da ke sa ido a tashoshin jiragen jihar, kamar tashar Five Cowries da ke Falomo. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takardun jirgi da na matuƙi kafin a biya kafin alƙalami. A tashi daga tashar da hukuma ta sani, inda ake rubuta sunayen fasinja. A garuruwan bakin kogi na Arewa kuwa, kada a raina shawarar sarkin ruwa da masunta; sun san inda duwatsu da kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, musamman a tafkin Kainji, inda ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa bayan kammala madatsar a 1968.

Rigar kariya

Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, waɗanda NIWA ke aiki da su, sun wajabta wa kowane fasinja sanya rigar kariya. Amma a aikace, abin da mai tsara tafiya zai bincika ya wuce a ce masa "akwai riguna". Guda nawa ne? Akwai na yara? Rigar babba ba ta ceton yaro, domin da zarar ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa, ta yi sama, shi ya yi ƙasa. Igiyoyinta da maɓallanta lafiya suke? Rigar da sosonta ya mutu ko ɗinkinta ya kwance ado ce kawai. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗaura ta tsam, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura har kunnuwa, ta yi yawa. Ayarin da ke da yara da yawa gara ya sayi nasa ya tafi da su.

Ana kuma ɗaura ta ne tun a kan tudu, ba a riƙe ta a cinya. Jirgi kan kife cikin daƙiƙoƙi, ba ya ba kowa damar shiri. Masu cewa sun iya ruwa su tuna cewa a lokacin haɗari mutum na iya buguwa ya suma, ko waɗanda ba su iya ba su rirriƙe shi. Mutuwar ɗan wasan fim Junior Pope a wani kogi a Jihar Anambra a watan Afrilun 2024, yana dawowa daga wurin ɗaukar fim ba tare da rigar kariya ba, ta nuna cewa gajeruwar tsallakawa ma ba abin wasa ba ce.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne sutura. Babbar riga da dogon hijabi da zane mai kauri na shan ruwa su yi nauyi, su kuma naɗe ƙafafu. Ana iya suturta jiki yadda ya kamata da tufafi marasa nauyi da yalwa, sannan a ɗora rigar kariya a samansu, kada a sa ta a ƙarƙashi.

Lokaci da yanayi

NIWA ta hana tafiyar jiragen fasinja daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Don haka daga dawowa ake fara lissafi, a yi baya. In tafiyar awa biyu ce, a bar can kafin ƙarfe 3, don a samu rarar lokaci ko da inji zai ba da matsala. Ayarin da zai yi sawu biyu ko uku sai ya ƙara matso da lokacin, tunda sawun ƙarshe ne ya kamata ya sauka kafin magariba.

A bakin teku akwai abin da mutumin Arewa bai saba da shi ba, wato cikar ruwa da janyewarsa. Sau biyu a yini ruwan teku kan cika ya kuma janye, kuma kullum lokacin na jinkirta da kimanin minti 50. Wata ne ke jan ragamar wannan, shi ya sa cika da janyewar suka fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, abin da mai bin kalandar Hijira zai iya lissafawa cikin sauƙi. A Legas bambancin bai cika wuce mita ɗaya ba, amma yana ƙaruwa in aka nausa gabas, har ya kai kusan mita uku a mashigin Kalaba. Rafin da jirgi ya bi lafiya da hantsi na iya zama taɓo da la'asar. Mashigin da ruwan tafkin Legas ke haɗuwa da teku, hanyar masu zuwa Tarkwa Bay, ga shi da igiya, ga manyan jiragen dakon kaya masu shiga tashar Apapa. Sai a tambayi matuƙi lokacin cikar ruwa na ranar tafiya. Wanda ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa ƙalubalen. Farkon damina da ƙarshenta ne lokacin guguwar da ke tasowa ba sallama. A watannin Satumba da Oktoba kogunan Neja da Binuwai kan cika maƙil, su yi gudu, su kwaso itatuwa, musamman in an saki ruwa daga madatsun Kainji da Jebba ko Lagdo ta Kamaru. Daga ƙarshen damina kainuwa kan toshe hanyoyin ruwan Legas, irin su na Ikorodu da Badagry, ta naɗe farfelar inji. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazon hunturu kan rage nisan gani, ko da yake ruwa ya fi kwanciya a lokacin. A duba hasashen hukumar NiMet kwana ɗaya kafin tafiya da kuma safiyar ranar. Masu nufin ratsa rafukan yankin Neja Delta su ƙara da binciken halin tsaro, domin an sha samun farmakin 'yan fashin ruwa a wasu hanyoyin, ciki har da ta Fatakwal zuwa Bonny.

Cikin jirgi ƙa'idojin kaɗan ne. Matuƙi ne ke raba wurin zama, a zauna inda ya ce. Kada a miƙe tsaye, kada kuma a ɗunguma gefe ɗaya don ɗaukar hoto ko kallon wani abu, domin wannan kaɗai ya isa ya kifar da ƙaramin jirgi a ruwan da ba iska. Kowane yaro a damƙa shi ga babba guda da sunansa, kada a ce "kowa ya sa ido", don abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Ba a kunna sigari ko wuta kusa da jarkokin fetur. Wayar jagora ta kasance da caji, a cikin leda mai hana ruwa shiga. In matuƙi na warin barasa ko alamar ya sha wani abu, an fasa.

Maganar fasawa kuwa a yi ta tun ranar da ake karɓar kuɗi. Jama'ar da suka taso daga Abuja, suka yi tafiyar awa uku zuwa Lokoja ko suka biya kuɗin jirgin sama zuwa Legas, da wuya su yarda su juya saboda hadari ya haɗu a gabas. A rubuta a yarjejeniya da mai jirgi cewa in yanayi ya ɓaci za a ɗage zuwa washegari ko a mayar da wani kaso na kuɗin. A kuma ware wani abu daga asusun tafiyar don kwana ɗaya na ƙari a masauki, a sanar da kowa tun a gida cewa ranar dawowa na iya motsawa.