Dalilin da ya sa raɗaɗi ke tasowa alhali majinyaci na kan magani mai dogon aiki

Mai fama da ciwon daji da ya kai ga ƙashi kan sha ƙwayar mofin da ƙarfe takwas na safe, ta biyu kuma sai takwas na dare. An haɗa ƙwayar ne yadda za ta riƙa sakin magani cikin jini sannu a hankali har tsawon awa 12. Duk da haka, da azahar ana juya shi a kan gado sai azaba ta taso masa tamkar bai sha komai ba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan raɗaɗi da ke keta shingen magani. A shekarar 1990 Russell Portenoy da Neil Hagen suka fayyace shi a wani bincike kan masu ciwon daji. Yakan zo ta hanya uku: wanda motsi, tari ko wankin miki ke tayarwa; wanda ke faɗowa ba gaira ba dalili; da wanda ke bayyana idan ƙarfin magani ya ragu kafin lokacin shan na gaba. Masu cutar sikila da ke kan irin waɗannan magunguna su ma suna gamuwa da shi.

Ƙwaya mai dogon aiki ba ta da saurin da za ta tare shi. Shi ya sa likita kan haɗa majinyaci da mofin mai saurin aiki, wanda ke fara tasiri cikin kimanin minti 30, ya kuma ɗauki kusan awa huɗu. Idan buƙatarsa ta yawaita a kullum, alama ce ta a koma wurin likita ya sake duba ma'aunin. Tauna ƙwaya mai dogon aiki ko daka ta haɗari ne babba, domin maganin awa 12 zai kwarara cikin jini lokaci guda, har ya iya tsayar da numfashi.

A Najeriya matsalar ta wuce ɗakin jinya. Shaye-shayen tiramadol da kodin, wanda ya kai gwamnatin tarayya ga haramta maganin tari mai kodin a 2018, ya sa ana yi wa duk mai neman ƙarin maganin raɗaɗi kallon ɗan ƙwaya. Shi kuma mofin bai wadata ba: rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani da ake rarrabawa.

Yaƙi da shaye-shaye wajibi ne, amma majinyacin da ya ce ciwo ya dawo kafin lokaci bayanin cutarsa yake yi. Haƙƙinsa ne a saurare shi, a kuma tanadi maganin a asibitin da yake kwance.