Kafin Mu Kwantar Da Hankalin Jama'a, Mu Duba Namu

Duk ma'aikacin da ya taɓa raba kayan agaji a ƙauyukan bakin tafkin Kainji, a Yauri ko Ngaski ko Shanga, ya san rabo ba ya rasa hayaniya. Wani bai ga sunansa a takarda ba, wata ta ce mudun maƙwabciyarta ya fi nata cika. Kafin a ankara wuri ya rikice. Abin da muka koya shi ne, wanda za mu fara kwantar wa hankali shi ne kanmu.

Mu tuna da su wa muke aiki. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa. Dattawa ba su manta da baƙi masu takarda da biro ba. A watan Mayu 2021 kuma jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra a Ngaski, gidaje da yawa suka yi rashi. Saboda haka wanda ya ɗaga mana murya, sau da yawa tsohon ciwo ne ke magana a bakinsa. In mun ɗauka mu aka zaga, za mu rama, aiki ya lalace.

Kafin mu sauka daga kwalekwale, mu tambayi kanmu: Mun ci abinci? Mun gaji? Muna jin tsoro? Akwai wanda muka riga muka yanke wa hukunci saboda yarensa, ko don shi makiyayi ne ko masunci?

Jiki yakan ba mu labari tun da wuri. In zuciya ta fara bugawa da sauri, murya na hawa, yatsa ya soma nuna mutum, lokacin dakatawa ya yi. Mu ja numfashi, mu zauna in jama'a na zaune, mu maimaita wa mai ƙorafi abin da ya faɗa don ya san an ji shi. In abin ya fi ƙarfinmu, ba abin kunya ba ne mu miƙa wa abokin aiki, ko mu roƙi mai gari ko sarkin ruwa ya sa baki.

Da yamma mu zauna tare, kowa ya faɗi inda ransa ya ɓaci. Gobe ma ƙauyen nan za mu koma.