Sabon Kik A Tsohuwar Mota: Hanya Uku Ce Sirrinsa

A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma ba a daɗe ba ƙirar 504 ta zama motar gwamnati da ta manyan ma'aikata a duk faɗin ƙasar nan. An daina haɗa ta a shekarar 2006, amma har yanzu akwai tsofaffinta a hannun jama'a. A Damari da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara a Jihar Katsina, irin wannan mota ba ta ado ba ce. Ita ke kai buhunan masara kasuwar Dandume ko Funtuwa, ita ke ɗaukar majiyyaci zuwa asibiti. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, motar da ta mutu a hanya da dare ta ƙi tashi ba ƙaramar masifa ba ce.

Abin da ke tada inji shi ne kik, wato wata ƙaramar na'ura mai aiki da wutar batir, wadda ke cusa haƙoranta cikin na babban faifan da ke bayan inji ta juya shi har ya kama. Idan ya tsufa, mai mota yakan sayo sabo ko ɗan Kwatano daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya kai wa mai wayarin. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin sau da yawa laifin ba na kik ba ne, na wayoyinsa ne.

Hanya uku ce ke haɗa kik da mota. Ta farko ita ce waya mai kauri da ke tasowa daga kan batir mai alamar tarawa, ta sauka a babban noti na ɗan gwangwanin da ke bisa kik. Ta biyu siririya ce, daga makulli take zuwa, kuma aikinta kawai ta umarci gwangwanin ya buɗe wa babbar wuta hanya. Ta uku ita ce hanyar komawar wuta, wadda ke bi ta jikin kik zuwa inji, sa'an nan ta wata waya mai kauri zuwa kan batir mai alamar ragewa. Ko da yake batirin bai wuce bolt 12 ba, kik yakan ja wuta fiye da amfiya 100 a lokacin tada inji. Saboda haka tsatsa kaɗan ko noti mai sako-sako ya isa ya hana sabon kik motsi.

Ƙwararren mai wayarin yakan fara ne da cire kan batir mai alamar ragewa kafin ya taɓa komai, kuma shi ne na ƙarshe da zai mayar. Yakan gwada sabon kik da tsohon, ya tabbata ramukan ɗauri da yawan haƙora sun dace. Yakan kankare bakin kowace waya har ƙarfe ya yi haske, ya ɗaure tamau, ya kuma nisanta wayoyin da bututun hayaƙi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, babbar wayar ba ta da fiyus. Idan robarta ta goge ta taɓa jikin mota, babu abin da zai yanke wutar, sai ta yi ja ta kama da gobara. Haka nan al'adar haɗa notunan kik da sifana don tada mota ganganci ne, domin idan tana cikin giya za ta yi tsalle ta bi ta kan mai aikin. Bugu da ƙari, riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 yana ƙona kik komai sabuntarsa.

Saboda haka ya kamata masu irin waɗannan motoci su sa a duba batir da wayoyi tukuna kafin su kashe kuɗi a kan sabon kik. Ɗaliban makarantun koyon sana'a kuma su riƙe wannan ilimi da kyau, domin rigakafi ya fi magani, kuma motar da ta yi shekara 40 tana hidima ta cancanci hannun da ya san ta.