Idan Ƙwari Suka Tsira Daga Turaren Magani a Iyakar Galabat

Duk ɗan kasuwar da ke shigo da wake, ful ko gahawa daga Matamma ta ƙasar Habasha zuwa Gadarif ya san cewa bayan kwastan akwai jami'an killace tsirrai na ma'aikatar gona, waɗanda ake kira hajar zira'i. Su ne ke soka buhu su duba. Idan suka ga ƙwaro mai rai bayan an turara kaya, to takardar shaidar da ke hannunka ba za ta cece ka ba. A ƙa'ida ɗayan uku ne: a sake turarawa, a mayar da kayan inda suka fito, ko a lalata su.

Galibi ba maganin ne ya lalace ba. Ƙwayar Phostoxin mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar guba, kuma iskar ce ke kisa. Idan tamfol ya huje, ko ba a danne bakinsa da yashi ba, sai ta tsere cikin dare. Ga kuma gaggawa. Aikin na bukatar kwana 5 zuwa 7 a rufe, amma direba na ƙorafin kuɗin kwana, sai a yaye a kwana 2. Manyan ƙwari sun mutu, mai kaya ya yi murna, alhali ƙwai na nan da ransu. Tsutsar ƙwaron kafra, wanda ya daɗe da zama a rumbunan Sudan, ta ma fi taurin kai, domin takan lafe a ɗinkin buhu wata da watanni ba ci.

Abin takaici shi ne dabarar da wasu ke yi ta yayyafa fiya-fiya a kan buhuna don a wuce da sauri. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ninka ƙwayoyi ƙarƙashin tamfol mai huji kuwa asarar kuɗi ce kawai, kuma iskar na iya hallaka yaron mota da ya kwana kusa da kayan.

Saboda haka tun kafin a yi lodi a Matamma, ku rubuta da mai sayarwa wanda zai biya kuɗin sake turarawa da na kwanan mota, a gaban shaidu biyu.