Shan-innar da ta ɓuya shekara biyar

Ranar 24 ga Yuli, 2014, ƙwayar shan-inna ta daji ta kama wani yaro a Sumaila ta jihar Kano. Daga shi sai aka ji tsit. Ma'aikatan lafiya na ci gaba da aikinsu: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a ɗebi kashinsa sau biyu a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Sakamako yana ta dawowa babu ƙwayar ta daji. A Satumbar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, aka yi ta barka.

Sai ga Agustan 2016. Aka samu yara biyu da cutar ta shanye a Borno, ɗaya a Gwoza, ɗaya a Jere, daga baya Monguno ta biyo. Da masana suka bi asalin ƙwayar, sai suka ga jinin wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno ne tun 2011. Wato shekara biyar tana yawo daga yaro zuwa yaro, takardu na cewa ba ta nan.

Kuma takardun ba ƙarya suka yi ba. Yaran da aka gwada ba su ɗauke da ƙwayar. Amma waɗanda aka gwada samfur ne kawai, yaran da hannu ya kai gare su. Jimillar da ake magana a kanta ita ce dukkan yaran Najeriya, har da na garuruwan da Boko Haram ta riƙe, inda babu mai allura, babu mai ɗibar kashi. Mai sayen gero a kasuwar Sabon Birni ya san ba a yanke wa buhu hukunci da abin da ke bakinsa, sai ya zura hannu can ƙasa. A nan ƙasan buhun ne hannu bai kai ba. Ko da an ninka gwaji sau goma a Kano da Ibadan, ba zai faɗi komai game da yaron Gwoza ba.

Sai da aka bi bayan sojoji da 'yan sa-kai aka kai allura cikin waɗannan wurare, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020.

Yau irin wannan giɓi yana nan Gobir. A Isa da Sabon Birni akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tare hanyarsu, wasu mutanen kuma sun tsallaka jihar Maradi. Mai binciken tamowa ko rigakafi yakan tsaya inda mota ke zuwa, ya auna yaran cikin gari, rahoto kuma ya fito da sunan ƙaramar hukumar gaba ɗaya. In irin wannan rahoto ya shigo hannuna, nakan tsallake alƙaluman tukuna, in nemi shafin da ya lissafa mazaɓun da ba a shiga ba.